Kuɗin Ruwan da Datti Bai Ci Ba

Malam Datti Isma'ila ya yi shekara talatin da biyar yana aikin gwamnati, da farko a aji da alli a hannu, daga baya a ofis yana zagayen duba makarantun firamare. A watan Fabrairun 1991 aka ba shi takardar ritaya, haɗe da wata 'yar takarda mai cewa yana da wata uku ya bar gidan gwamnatin da yake ciki a Unguwar Rimi. Bai ji wani tsoro ba, domin ya daɗe yana shirin wannan rana. Yana da fili a Malali. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana tara 'yan kuɗinsa a banki, in sun ɗan taru ya cire ya sayi siminti da bulo, har gini ya kai linta. Rufi ne ya rage, da ƙofofi da tagogi. Kafinta ya riga ya zo ya auna, kuma kuɗin sallamar da gwamnati za ta ba shi zai isa a rufa gidan kafin damina ta sauka.

Abu ɗaya ya rage a fayil ɗinsa, takardar shaidar biyan haraji. Aka ce ya karɓo wasiƙa daga bankinsa ya haɗa da littafinsa na ajiya ya kai ofishin haraji. Ya tafi da sauƙin zuciya, don mai duba takardun manyan ma'aikata a can Malam Sabo ne, wanda suka yi kwalejin horon malamai tare kafin Sabo ya gudu daga koyarwa. Sabo Bakano ne, Datti kuwa Bazazzagi, saboda haka ba su taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba.

"A'a, yau Zazzagawa ne a ofishinmu?" in ji Sabo, yana janye masa kujera. "Lallai an matsa muku. Ku da ba ku zuwa inda ake karɓar kuɗi sai inda ake rabawa."

"Ai gara mu," in ji Datti. "Ku Kanawa ko gaisuwa kuka yi wa mutum sai kun nemi canji. Sa mini hannu in tafi, kafinta na jirana."

Sabo ya aika aka ɗauko tsofaffin fom ɗin da Datti ke cikawa duk shekara, ya jera su a kan tebur kusa da wasiƙar banki. Yana dubawa yana raha, har ya zo wani wuri ya tsaya. Ya koma fom na baya, ya sake komawa na bayansa. Sannan ya tashi ya tura ƙofar ofis ya rufe.

"Datti, zo ka ga. Wannan layin na tambayar kuɗin ruwan da banki ya ba ka a shekara. Me ka rubuta?"

"Babu."

"Sau goma sha ɗaya, kuma duk da sa hannunka a ƙasa. Ga shi banki ya ce kowace shekara yana zuba maka."

Datti ya yi murmushi irin na malamin da ɗalibi ya kawo wa tambaya mai sauƙi. Ya gyara zama ya yi masa bayani dalla-dalla. Shekarar da ya buɗe asusun, ya ga akawun banki ya ƙara masa wasu kuɗi da jan biro, ya tambaya aka ce kuɗin ruwa ne. Bai kai su gida ba. Ya wuce wurin Malam Sanda, malamin da yake ɗaukar karatu a zaurensa duk Asabar da Lahadi. Malam ya ce masa wannan kuɗi ba nasa ba ne, kada ya ci, kada ya ciyar da iyalinsa, kada kuma ya bar wa banki. Ya fitar da shi ya sa a wani aikin jama'a mai ƙasƙanci, kamar masai ko magudanar ruwa, ba tare da ya sa ran lada ba. Tun daga nan, kowace Janairu Datti kan cire daidai abin da aka rubuta da jan biro, har da kwabbansa, ya sa a ambulan daban don kada ya taɓa sauran kuɗin aljihunsa, ya kai wa Malam. Da shi aka haƙa masai biyu a bayan makarantar Malam, aka kuma gyara kwatar da ke bin gefen masallaci.

"To ka gani," in ji shi. "Abin da ba nawa ba, ta yaya zan rubuta shi a cikin samuna?"

Sabo ya cire tabarau ya murza idanu. "Ni ma Musulmi ne, Datti, na fahimce ka sarai. Amma doka ba ta tambayar inda kuɗi ya tafi. Ya shiga asusunka da sunanka, shi ke nan. In ka ga dama ka zuba shi a kogin Kaduna, sai ka faɗa, sai ka biya harajinsa."

"Nawa ne harajin?"

"Harajin ba komai ba ne, bai kai kuɗin bandir ɗin kwano ɗaya ba. Kalmar nan da ka rubuta ita ce abin tsoro." Ya jawo wata takarda daga aljihun tebur ya ajiye a gabansa. "Wannan ta gyara ce. A sama za ka rubuta adadin, a ƙasa ka faɗi dalilin da ya hana ka bayyanawa, da hannunka. In ka ce ba ka san banki na zuba maka ba, kuskure ne, ka biya haraji da 'yar tara, darakta ya sa hannu, jibi ka karɓi takardarka. In kuwa ya zama kana sane, ya fita daga hannuna. Kwamiti zai zauna, a rubuta wa ma'aikatarku, a tsayar da kuɗin sallamarka da fansho."

"Amma littafina ya nuna ina cirewa duk Janairu."

Sabo ya ɗauki littafin ajiyar ya cusa masa a aljihun riga. "Wane littafi? Ni wasiƙar banki kaɗai na gani, ita kuwa jimilla kawai ta faɗa. Tafi da takardar gida ka cika da natsuwa. Kalma uku ce, ban sani ba. Ko Bazazzagi ai zai iya rubuta su."

Datti ya yi 'yar dariya don kada wasan ya faɗi ƙasa, ya hau Besfarsa ya koma gida.

Ya tarar da matarsa Kaltume a tsakar gida tana naɗe kwanukan tangaran da tsofaffin jaridu tana jerawa a kwali. Tun da takardar tashi ta zo take haɗa kaya kaɗan-kaɗan, ta riga ta zaɓi ɗakin da zai zama nata a Malali, da inda za ta kafa murhu. Ya zauna a bakin baranda ya gaya mata yadda suka yi da Sabo.

"To alhamdu lillahi da aka samu na gida a wurin," in ji ta. "Sai ka rubuta, Malam."

"Ban ci kuɗin nan ba, Kaltume."

"Na sani. Ni ce shaida. Shekarar da ƙaramarmu ta kwanta asibiti ambulan ɗin na cikin aljihunka, muka je muka ranto na magani. Wa ya ce ka ci? Takarda ce kawai suke so."

"Zan je wurin Malam tukuna. In ya rubuta musu cewa shi nake kai wa, wataƙila su gane ba ɓoyewa na yi ba."

Ta dube shi, ta ci gaba da naɗe kwanonta. "Ka je. Amma ka tuna saura wata biyu da kwana goma, kuma yara huɗu ne a gidan nan."

Ranar Asabar da hantsi ya isa zauren Malam Sanda. Malam ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni, sai ya kawo littafi dab da fuska yake gani. Datti ya jira sauran masu ɗaukar karatu suka watse, sannan ya matso ya durƙusa a gefen buzu.

"Allah gafarta Malam, wata matsala ce ta taso a kan kuɗin nan da nake kawowa."

Ya kwashe labari duka ya faɗa, ya ƙare da roƙon a rubuta masa 'yar shaida. Malam ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba.

"Shaida zan rubuta maka, wannan ba wuya," in ji Malam. "Ka kawo, na karɓa, ga masai nan kowa na gani. Amma karanta mini tambayar da ke cikin takardar tasu, yadda take."

Datti ya ciro takardar gyaran, domin tambayar iri ɗaya ce, ya fassara masa: kuɗin ruwan da banki ya ba ka a wannan shekara.

"Sake karantawa."

Ya sake.

"Ba su ce wanda ka ci ba?"

"A'a, Allah gafarta Malam."

"Ba su ce wanda ka mallaka ba?"

"A'a."

"To banki ya ba ka, ko bai ba ka ba?"

Datti ya sake duban takardar.

"Ya ba ni," ya ce a hankali.

"Kai kuma ka ce babu, ka sa hannu." Malam ya yi maganar ba tare da faɗa ba, kamar yadda yake gyara wa mai karatu wasali. "Datti, na ce ka fitar da shi daga dukiyarka. Ban ce ka ce ba a ba ka ba. Waɗannan abubuwa biyu ne. Na farko ka yi shi da kyau, ban taɓa ganin wanda ya kiyaye kamarka ba. Na biyun kuwa shaida ce ka bayar a kan abin da ba haka yake ba. Ni ma da nawa laifin, da ban taɓa tambayarka abin da kake rubuta wa hukuma ba."

Datti ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Shekara goma sha ɗaya yana raba ambulan da aljihu, yana wanke hannu in ya dawo daga kai kuɗin, yana jin a ransa cewa ko ba komai wannan ƙofa ɗaya ya tsare ta. Bai taɓa kawo wa ransa cewa a cikin wannan tsaron ne yake ɗaukar biro kowace shekara ya rubuta ƙarya ba. Ya tuna yawan yaran da ya sa suka durƙusa a gaban aji saboda sun ce sun yi aikin gida alhali ba su yi ba.

"Abokina na ofishin ya ce in rubuta ban sani ba," ya ce. "In na rubuta haka, magana ta mutu."

"Ka sani?"

"Na sani."

Malam ya ja carbinsa. "To me kake so in ce maka, Datti? Kana da iyali, na san halin da kake ciki, Allah ma ya sani. Ba ni zan kwana a gidan da babu rufi ba, saboda haka ba zan yi maka wa'azi mai sauƙi a bakina ba. Amma in ka zo ne in ce maka ya halatta, ba ni da inda zan samo maka wannan."

Ya sa aka kawo takarda da tawada, ya rubuta shaidar da ajami, a hankali, hancinsa kusan yana taɓa takardar.

Da Datti ya koma gida Kaltume ta tambaye shi yadda suka yi. Ya ce Malam ya ba da shaida. Bai ƙara komai ba, ita ma ba ta ja ba, ta ɗauka magana ta daidaita.

Ranar Litinin ya koma ofishin haraji. Sabo ya tarbe shi da fara'a.

"Ka cika? Kawo in gani, kada ka ce mini biron ma sai an ara maka."

"A nan zan cika."

Ya zauna ya rubuta adadin kowace shekara a sama, da kyakkyawan rubutunsa na tsohon malami. Da ya zo wurin dalili ya ɗan tsaya, sannan ya rubuta cewa yana sane da kuɗin tun shekarar farko, yana cire shi kowace Janairu yana bayarwa, kuma ya rubuta babu ne saboda ya ɗauka abin da bai ci ba ba sai ya faɗa ba, yanzu ya gane kuskurensa. Ya sa hannu, ya haɗa da shaidar Malam, ya miƙa.

Sabo ya karanta. Fuskarsa ta canza. Ya yayyaga takardar ya zuba a kwando, ya ciro sabuwa ya ajiye.

"Ban ga wannan ba. Sake."

Datti ya ɗauki biro ya sake rubuta abin da ya rubuta, kalma da kalma.

"Kai wai me ke damunka?" Sabo ya rage murya don kada na waje su ji. "Ka san su wa ke zama a kwamitin nan? Mutanen da ba su san ka ba, ba su san Malam Sanda ba, ba mai iya karanta ajami a cikinsu. Abin da za su gani shi ne babban ma'aikaci ya amsa da hannunsa cewa ya yi shekara goma sha ɗaya yana ba gwamnati bayanin ƙarya. Akwai masu gidaje biyar a garin nan da suka zauna a kujerar nan suka rubuta ban sani ba, suka tafi suna dariya. Kai da ka gina wa mutane masai ne za ka kai kanka?"

"Goma sha ɗayan farko ban san ƙarya nake yi ba, Sabo. Wannan in na rubuta, na sani."

"To ka rubuta ka yi istigfari. Allah mai gafara ne. Gwamnati ce ba ta da ita."

"Na yi tunanin haka. Jiya wuni na yi ina tunaninsa. Hannuna ne ya ƙi."

"Kaltume ta san abin da ka zo yi?"

Datti ya mayar da bironsa aljihu.

Sabo ya jingina da kujera ya daɗe yana dubansa. "Zan ajiye ta a aljihun tebur ɗin nan har ranar Juma'a. In ka dawo, akwai sabuwar takarda. In ba ka dawo ba, dole in aika, don an riga an shigar da lambar fayil ɗinka. Don Allah, Datti, ka dawo."

Ranar Laraba Datti ya biyo ta titin ofishin a kan Besfa, ya rage gudu a bakin ƙofa, har mai gadi ya ɗaga masa hannu. Ya wuce. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zauna a gida yana taya Kaltume ɗaure kwalaye.

Kwamiti ya zauna bayan mako uku. Ba su ɗauki minti ashirin da shi ba. Shugaban ya juya shaidar Malam sama da ƙasa, ya tambaya ko akwai rasit na aikin masan, Datti ya ce babu. Aka yi masa magana da ladabi, aka ce ya je za a rubuto masa. Wasiƙar ta zo a farkon Mayu. An ninka masa tara sau uku, an kuma sanar da ma'aikatarsu, wadda ta dakatar da kuɗin sallamarsa da fanshonsa har sai hukumar ma'aikata ta duba lamarin. Ba a faɗi ranar da za a duba ba. A ranar da ta iso ne Kaltume ta ji abin da ya rubuta, domin babbar 'yarsu ce ta karanta mata wasiƙar. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi masa magana a kai ba. Ta shiga ɗaki ta fito da kwalayen da ta riga ta ɗaure, ta fara ware abin da za a sayar.

Ya nemi a ƙara masa wata ɗaya a gidan gwamnati, aka ce an riga an ba wani. Ya sayar da Besfa ya biya tarar, da abin da ya saura ya sayi katako da tsohon kwano a Babbar Kasuwa, wanda ya isa rufin ɗaki ɗaya. Yara uku aka tura Zariya wurin ƙaninsa, aka cire biyu daga makarantarsu a tsakiyar zango. Ƙaramar kaɗai ta zauna da su. Sabo ya aiko da motar ɗaukar kaya da buhun shinkafa, amma shi bai zo ba.

Kwana huɗu da tarewarsu a Malali, da la'asar, hadari ya haɗo daga gabas. Suka yi ta jan kaya daga ɗakunan da ba rufi suna cusawa a cikin ɗayan, kwalaye a kan kujeru, katifu a kan kwalaye, har wurin tsayawa ya yi wuya. Tagar ba ta da ƙyaure, sai buhu da aka kafa da ƙusa. Ruwa ya sauko da ƙarfi, yana zuba a ɗakin da Kaltume ta zaɓa wa kanta kamar a fili. Suka tsaya a bakin ƙofa suna kallo, yarinyar na riƙe da zanen uwarta.

"Kaltume," in ji Datti, "ki yi haƙuri. Ban iya rubutawa ba."

"Ban ce lallai sai ka yi ƙarya ba, Malam," ta ce, ba tare da ta juyo ba. "Wataƙila da ka zaunar da ni ka gaya mini abin da Malam Sanda ya ce, da na ce ka rubuta gaskiyarka, mu sha wahalar tare. Wataƙila kuma da na yi ta roƙonka har ka fasa. Ban san wanda zan yi ba. Amma ka je wurin Malam, ka je wurin Sabo, ka yanke, ka dawo kana taya ni ɗaure kaya kana kallona. Shekara goma sha ɗayan nan ni ma na yi su. Naman da ba mu ci ba, da zanen da ban saya ba, suna cikin bulon nan."

Bai ga inda ta yi kuskure ba. Ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin buhun taga yana bin bango zuwa kan katifu. Kaltume ta zare hannun yarinyar daga zanenta, ta ɗauko bokiti da tsumma ta durƙusa. Datti ya kama gefen katifar ta sama shi kaɗai yana ja, yana neman inda zai jingina ta a ɗakin, babu wuri.